Dashe ya cika lambu, ciniki shiru: me za mu riƙa sakawa a waya?

Daga zauren masu renon itatuwa na Kano da Jigawa

Ɗan Bagwai: Assalamu alaikum. 'Yan uwa ina neman shawara. Bana mun cika leda sosai a lambunmu na gefen dam ɗin Watari: mangwaro mai aure (wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan ɗan ƙwallo), gwaiba, lemon tsami, gwanda, zogale, sai darbejiya da turare saboda masu son inuwa. Ga damina ta ƙarato, amma ciniki sai wanda ya biyo hanya ya hango ya tsaya. Na buɗe shafi a Facebook, ina kuma sakawa a sitatus na WhatsApp, to kullum abu ɗaya ne: hoton layin ledoji, a ƙasa in rubuta "akwai dashe, a tuntuɓe mu". Ni kaina na gaji da ganinsa. Masu danna min alamar so ma duk 'yan gidanmu ne. Ku da kuka riga mu, me kuke sakawa?

Auta Ringim: Wa alaikumus salam Yaya. Ai ka faɗi matsalarka da bakinka. Wa zai tsaya kallon baƙar leda? Koma TikTok kawai. Gajeren bidiyo mai ban dariya shi ke tafiya. Ni akuyar maƙwabcinmu na ɗauka ta miƙe da ƙafa biyu tana cinye min gwaiba ta saman shinge, na sa murya ina yi mata magiya. Har yau ana turo min shi daga wasu zaurukan, ba a san nawa ba ne.

Maman Ihsan Gezawa: To Auta, gwaiba nawa akuyar ta sayar maka?

Auta Ringim: Kai Anti 😂 ai da suna ake farawa, ciniki na tafe.

Ɗan Hadeja: Ku ba ni dama in sa baki, ko da yake ni ba mai reno ba ne, mai saye ne. Kafin ku yi maganar abin da za ku saka, ku fara da abin da za ku daina. Don Allah ku bar kwaso hoto daga intanet. Shekarun baya na ga wani shafi ya saka 'yar bishiyar mangwaro ko ƙugu ba ta kai ba, jajayen 'ya'ya sun yi mata nauyi har an tokare ta da sanda. Na tura kuɗi, aka aiko min a mota. Na haƙa rami, na yi shinge, yara suka yi ta jidon ruwa rani bayan rani. Da ta tashi haihuwa sai ga mangwaron nan namu mai zare, irin na tallar faranti. Daga baya na ci karo da hoton nan sak a wani shafi na ƙasar waje, da rubutun da ko karanta shi ban iya ba. Mai atamfa in ya cuce ka, wanki ɗaya ka gane. Ku kuwa sai mutum ya yi shekara huɗu ko biyar yana wahala kafin ya san abin da aka sayar masa. Shi ya sa muke ɗari-ɗari da dashen waya. Duk mai son kuɗinmu, ya saka abin da zai cire mana wannan tsoron.

Baba Alhaji Kura: Salamu alaikum. Yarona ke rubuta min. Maganar mutumin Hadeja ita ce magana. Mu da muka tashi a sana'ar nan ba mu san hoto ba. Mutum ya zo lambu, ka kai shi gindin uwar bishiyar da ka yanko reshe, in lokacinta ne ka tsinko masa ya sha. In ya dasa ta yi, shi zai kawo maka ɗan'uwansa. Ban ga abin da waya za ta ƙara a kan wannan ba, ban da tara 'yan kallo.

Malamin Gona Dutse: Allah ya ƙara girma Baba. Ai abin da ka faɗa ɗin nan shi ne za a ɗauka a zuba cikin wayar, ba wani sabon abu za a ƙirƙiro ba. Mutumin da ke Hadeja ba zai taso Kura don ganin uwar bishiya ba, to a kai masa ita.

Ɗan Bagwai, duba yadda lokaci ya zo muku daidai. Mangwaro na fure cikin hunturu, ya nuna da bazara, wato Afrilu da Mayu yana ko'ina, dashe kuma sai damina ta zauna, Yuli zuwa Agusta. Ka ga talla ta riga kasuwa da wata biyu ko uku. A wannan tsakanin ka tsaya gindin uwar da kake yanko reshe a jikinta, fuskarka a fili, ka faɗi garin da kake, ka tsinko ɗaya a gaban kyamara. Kada ka yanke bidiyon tsakanin tsinkowa da yankawa. Ka sa wuƙa, ka nuna cikinsa, a ga ba zare, a ga girman ƙwallon, ka faɗi sunan irin: Binta siga ce, ko paparanda, ko Julie, ko Kent. Sannan ka taka da ƙafa, wayar na ɗauka, har inda ledojin suke, ka ce "ga 'ya'yanta". Wannan tafiyar daga uwa zuwa leda ba a sato ta a intanet.

In ka isa wurin ledar kuma ka matso da wayar kusa da mahaɗar auren. Ka nuna tabon, inda ɓawon ƙasa da na sama suka bambanta, da ɗan kumburin da wurin ke yi. Mutane da yawa ba su taɓa sanin ana iya gane mai aure da ido ba. Ranar da ka koya musu, ka rufe wa macuta ƙofa, kai kuma ka buɗe taka.

Ɗan Bagwai: Allah ya saka da alheri Malam. Amma bana mangwaron ya kusa ƙarewa, saura ɗai-ɗai a sama.

Malamin Gona Dutse: Ɗai-ɗan ma ya isa, sa yaro ya hau. Kuma akwai abin da ya fi uwar bishiya ƙarfi: wanda ka sayar shekarun baya. Mai aure kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4 in ya samu kula. Ba ka da wanda ya saya a wurinka tun wancan lokacin?

Ɗan Bagwai: Akwai wani dattijo a wajen Bichi, da wata makarantar allo da suka ɗauki darbejiya.

Malamin Gona Dutse: To hau babur ka je. Ka bar mai bishiyar ya yi magana da bakinsa, ko da zai ce biyu sun mutu saboda gara. Kada ka goge wannan wurin, shi ne zai sa a yarda da sauran.

Maman Ihsan Gezawa: Amma a nemi izini fa. Kada a shiga gidan mutum da waya a ɗauko matarsa tana tankaɗe a bayan bishiya, gobe a gan ta a Facebook. In bishiyar a tsakar gida take, a ba wa yaron gidan wayar ya ɗauko, ko a haƙura.

Ni kuma bari in faɗi nawa ɓangaren, don na lura duk maganarku ta masu gona ce. Kasuwata mata ne. Mace ba za ta fito bakin titi ta tsaya zaɓen dashe ba, amma sitatus har ɗaki yake iske ta. Abin da nake sakawa ba ya wuce tsakar gidana: zogale a tsohon bokiti, na'a-na'a a fasasshiyar roba, lalle a jikin katanga, lemon tsami a bakin wurin alwala inda ruwa ke gangarawa. Ranar da na yi kwaɗon zogale sai in fara da nuna hannuna ina tsinkowa, sannan kwanon, in ce daga bishiyar nan ne, wata kaza da dasawa. Washegari sai saƙon murya, "Maman Ihsan a ajiye min biyu." Na kuma nuna yadda ake datse kan zogale in ya kai ƙirji, don ya yi rassa maimakon ya miƙe sama ba ganye. Wannan ya fi komai jawo min tambaya, don kusan kowane gida akwai zogalen da ya fi ƙarfin hannu.

Sai dai sitatus yana da iyaka. Sa'a 24 ya ɓace, kuma sai wadda ta ajiye lambarki kema kika ajiye tata za ta gani. Don haka duk biki, duk suna, duk Islamiyya, karɓar lamba nake yi. Abin da nake so ya zauna kuma sai in kai shi Facebook.

Auta Ringim: Anti ke kam 'yar kasuwa ce, har a gidan suna 😂

Baba Alhaji Kura: Nuna uwa na yarda, nuna tabo na yarda. Amma ɗazu yarona ya nuna min wani yaro a waya yana koyar da aure daga farko har ƙarshe, kyauta. Wannan kam ban yarda da shi ba. Ni na yi shekaru ina ɗaukar wa maigidana ruwa kafin ya bar ni in riƙe wuƙa. In kowa ya iya, wa zai saya a wurinmu? Kada ku tona asirin tuwonku saboda a ce kun yi suna.

Auta Ringim: Ranka ya daɗe ai an riga an tona. Shiga YouTube ka gani, Indiyawa sun cika shi da yadda ake yi.

Malamin Gona Dutse: Baba, tsoronka yana da tushe, ba zan ce babu ba. Amma mu duba aikin kansa. Sai mutum ya shuka ƙwallo, ya rene shi watanni har ya kai kaurin fensir. Sai ya samu uwa ta gari ya yanko reshen da idonsa ya kumbura bai fashe ba. Ya datse kan na ƙasa, ya tsaga shi a tsakiya, ya fiƙe reshen gefe biyu da reza mai tsafta, yanka ɗaya ba kwana-kwana, ya zura yadda ɓawo zai hau kan ɓawo ko da gefe ɗaya ne, ya naɗe da zirin leda tam, ya kifa wata ledar a kai don kada ya bushe, ya sa a inuwa ya jira sati biyu zuwa uku. Na faɗa duka a layi biyar, kuma duk wanda ya karanta bai iya ba. Hannu ne, Baba, kai ka fi ni sani. Mai son bishiya uku a gidansa ba zai yi wannan wahalar ba. Abin da zai ɗauka daga bidiyon shi ne wannan mutumin ya san aikinsa, kuma kuɗin da ya ce bai yi yawa ba.

Baba Alhaji Kura: Mai bishiya uku ba zai yi ba. Yaron da ke zaune ba aiki a garinku fa? Shi zai yi, baɗi ya kafa rumfa kusa da taka ya karya farashi.

Na-Kazaure: Gaskiya a nan ina bayan Baba. Ya faru a wurinmu, ko da yake ba ta waya ba. Yaron da ya yi mana aikin cika leda ne ya buɗe nasa a tsallaken titi.

Maman Ihsan Gezawa: To ka ga ba waya ce ta koya masa ba kenan.

Na-Kazaure: Haka ne, amma waya dubu za ta koya wa a dare ɗaya.

Malamin Gona Dutse: To mu raba abin gida biyu. Wanda bai son nuna aure ya bari, ba dole. Amma akwai ilimin da ɓoye shi ku yake cutarwa, wato abin da mai saye zai yi bayan ya kai gida. Sau nawa aka zo aka ce muku "dashenka ya mutu" ko "ba mai aure ka ba ni ba", alhali laifin daga wurin dasawa ne? Na sha ganin wanda ya binne dashe da ledarsa. Na ga wanda ya zurfafa rami har mahaɗar ta shige ƙasa. Wanda ya fi yawa kuma: reshe ya tsiro a ƙasan mahaɗar, daga jikin ɗan ƙwallon, mai gida ya ga ya fi ƙarfi ya bar shi yana murna, shi kuma ya shanye abincin ya kashe na saman. Bayan shekaru bishiya ta haifi mai zare, a ce mai lambu macuci ne. Bidiyon minti ɗaya ya isa: ka nuna reshen, ka ce duk wanda ya fito ƙasa da nan a cire shi, ka cire a gaban mutane.

Haka ramin: kamar ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba, ɗanye ƙonawa yake yi ya kuma kira gara. Mangwaro a ba shi tazarar mita 8 zuwa 10, ba a cusa shi jikin katanga ba. Gwanda ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta. Turare kada a kai shi kusa da rijiya ko tsakiyar gonar hatsi, shan ruwa gare shi. Kowanne ɗaya a nan abin sakawa ne na rana guda. Ɗan Bagwai, da ka ce ka rasa abin faɗa, ga na sati guda nan.

Ɗan Hadeja: Malam tunda kana Dutse, dabino fa? Ina ganin ana tallarsa a leda, ana cewa irin na Madina.

Malamin Gona Dutse: Nan ne ma aka fi buƙatar faɗin gaskiya. Dabino akwai namiji akwai mace. In daga ƙwallo aka shuka, kusan rabi maza za su fito, kuma ba ka ganewa sai ya yi fure bayan shekaru. Macen ma ba lallai ta ɗauko uwarta ba, ko da ƙwallon daga Madina aka zo da shi a aljihu. Wanda ake da tabbas a kansa shi ne ɗan da aka ɓanɓaro daga gindin uwa, shi kam irinta ne sak, shi ya sa ya fi tsada. Nan Dutse akwai reshen cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya, wato NIFOR, da ke bincike kan dabino, mai son ya zurfafa ya je ya tambaya. Ba laifi ba ne sayar da ɗan ƙwallo, laifin shi ne a ɓoye. Ka rubuta ɓaro-ɓaro: "wannan na ƙwallo ne, zai iya fitowa namiji." Ka kuma gaya wa mutane namijin ba asara ba ne gaba ɗaya, da furensa ake yi wa mata barbara, ɗaya kuma na isar mata da yawa. Gwanda ma tana da wannan halin, shi ya sa ake ba da shawarar a sa biyu ko uku a wuri ɗaya, in sun yi fure a rage.

Na-Kazaure: Malam in na rubuta "zai iya fitowa namiji" ai na kori mai saye da hannuna. Na kusa da ni ba zai rubuta ba.

Ɗan Hadeja: Ni wanda ya rubuta ɗin zan bi, har mangwaro da lemo a wurinsa zan haɗa.

Na-Kazaure: Kai ɗaya ne Alhaji, kuma an taɓa ƙona ka. Sabon shiga arha yake bi.

Admin: A ci gaba amma a hankali, kada a kama suna. Akwai wanda ya turo hoton shafin wani yana cewa shi ne macucin, na goge.

Ɗan Bagwai: Wata tambayar: farashi. In rubuta a fili ko in ce a biyo ni inbos?

Maman Ihsan Gezawa: Rubuta. Wallahi ba abin da ke ba ni haushi irin in ga kaya in tambaya a ce "inbos". Mace da yawa kunya za ta hana ta tambaya, tana tsoron a faɗi abin da ya fi ƙarfinta ta rasa yadda za ta janye.

Baba Alhaji Kura: 'Yata, ciniki ai baki ne. A taya, ka ce albarka, a ƙara. Wanda zai ɗauki ɗari biyu da wanda zai ɗauki biyu ba kuɗinsu ɗaya ba. Ga leda kullum tashi take, ga man injin ban ruwa. Ka rubuta yau, wani ya zo bayan wata uku ya nuna maka waya ya ce ga abin da ka ce.

Maman Ihsan Gezawa: Sai a sa kwanan wata a jiki Baba, a ce farashin wannan satin ne, mai ɗauka da yawa kuma a yi magana. A WhatsApp Business ma akwai inda ake jera kaya da hoto da kuɗi, ana canzawa duk lokacin da aka so.

Auta Ringim: Kun taru kun danne ni, amma bari in kare kaina. Kuna cewa 'yan kallo ba sa saye. Su waye 'yan kallon? Akwai 'yan garinmu da ke Abuja, da Legas, da Saudiyya, waɗanda sitatus ɗin Anti ba zai taɓa kai musu ba tunda ba ta da lambarsu. TikTok da Facebook ne ke kai ka gaban wanda bai san ka ba. Wani bawan Allah daga Fatakwal ya same ni ta nan, ya ce a dasa darbejiya a maƙabartar ƙauyensu, ladan ya je wa mahaifinsa. Bai taɓa ganina ba. Ba don abin dariyar ba da bai san ina duniya ba. In an shigo ta ƙofar dariya sai a tarar da karatun Malam a ciki.

Malamin Gona Dutse: Wannan kam ka yi gaskiya Auta, na karɓa. Kuma ƙofa ce babba. Hadisin nan na Anas da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa Musulmi ba zai dasa ko ya shuka wani abu ba, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, face ya zama sadaka gare shi, kowa ya san shi. Sai dai in za ku karɓi kuɗin sadakar mutane, hoton ranar dasawa bai wadatar ba. Kowa ya iya tsugunawa a ɗauke shi da leda a hannu. A tambayi wa zai yi ban ruwa da rani, a sa kuɗin shinge cikin lissafi, don da an gama girbi aka saki dabbobi, dashen da ba kariya kwana ɗaya ne. Hoton da ke da daraja shi ne na watan Maris, a tsakiyar rani, bishiyar tana raye. Ka tura wa mai sadaka, in ya yarda ka saka a shafi.

Na-Kazaure: Ranakun nan da ake yi fa, na muhalli? Ina ganin makarantu na neman dashe a lokacin.

Malamin Gona Dutse: 5 ga Yuni ranar muhalli ta duniya, 17 ga Yuni ranar yaƙi da kwararowar hamada da fari. Ku yi magana a ranakun, ku tuna wa mutane Kano da Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin katangar bishiyoyi na Tarayyar Afirka ya ratsa a Najeriya, shirin da aka amince da shi tun 2007. Amma ku gaya wa shugabannin makarantu gaskiya: farkon Yuni a wajen Kazaure ko Gumel ko Maigatari sau da yawa ruwa bai zauna ba. A dasa kaɗan na biki inda akwai famfo, sauran a rubuta suna a jira Yuli.

Ɗan Hadeja: Saura aike. Wannan ma ku riƙa nunawa. Na taɓa karɓar dashe a tasha an kwantar da shi a but ƙarƙashin buhu, ƙasar ta zube, saiwa a waje.

Na-Kazaure: A nan kam ina da abin faɗa. Sati biyu kafin aike nake ɗaga ledojin in canza musu wuri, duk saiwar da ta huda leda ta kama ƙasa in datse, in rage ruwa, in fito da su rana kaɗan-kaɗan. In ka fizge shi ranar tafiya, kafin ya isa ya yi yaushi. Ranar aike a tsaye nake jera su a kwali, in cusa ciyawa a tsakani, in huda kwalin, kuma ba na yarda a ɗora a saman mota, iska ƙona ganye take yi. Ban taɓa tunanin ɗaukar wannan a bidiyo ba.

Maman Ihsan Gezawa: Ka ga, kai da kake cewa gaskiya na korar mai saye, ga abin da zai jawo maka shi nan kana zaune a kai. Ka ɗauka tun daga ɗaurawa har miƙa wa direba. Kuma kada kaya su bar hannunka sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗi da idonka, hoton alat ba kuɗi ba ne.

Auta Ringim: Ƙaramar shawara ga masu ɗauka: goge gilashin kyamara da riga tukuna. Ɗauki da safe ko bayan la'asar, rana tana bayanka. Tsayar da wayar a tsaye. In iska na kaɗawa matso da baki ko ka sa murya daga baya. Kada ka fara da doguwar gaisuwa, kafin ka gama "barkanmu da warhaka" an wuce. In sabis ba ƙarfi a lambu, tara su sai ka shiga gari.

Baba Alhaji Kura: Sallama dai ba a barin ta, ko za a wuce. Kuma duk zancenku mangwaro da dabino. Ba wanda ya ambaci gawo, ko ɗorawa, ko tsamiya, ko kanya. Gonakinmu da can cike suke da su, yanzu sai kututture. Yaran yanzu ba su san gawo da damina yake zubar da ganye ba, ya bar wa gero rana, ya ba shi taki, da rani kuma ya yi kore ya ciyar da dabbobi. Ba su san irinsa sai an jiƙa a ruwan zafi ko an ɗan kankare shi yake fitowa da wuri ba. Ba su san irin darbejiya ba ya ajiyuwa ba, in ka bar shi 'yan makonni ya mutu. Ina renon gawo duk shekara, rabinsa kyauta nake bayarwa don ba mai tambaya.

Malamin Gona Dutse: Baba, wannan da ka faɗa yanzu, da a bidiyo ne da ya fi duk abin da muka lissafa. Ba mai tambaya ne saboda ba wanda ya gaya musu. Ka zauna gindin gawo ka yi wannan bayanin da muryarka, manoma za su saurare ka fiye da ni mai takarda.

Auta Ringim: Ni zan zo in ɗauka ranka ya daɗe, kyauta. Asabar in Allah ya kai mu.

Baba Alhaji Kura: Zan yi maganar gawo da ɗorawa. Aure kam ba zan nuna ba, kada ma a tambaye ni. Kuma ban da kiɗa a kan muryata.

Ɗan Bagwai: Na gode ƙwarai jama'a. Gobe zan sa a tsinko ragowar mangwaron in gwada, jibi in leƙa Bichi. Malam zan turo maka ka duba kafin in saka.

Malamin Gona Dutse: Turo nan zauren kowa ya gani, Ɗan Hadeja ya fi ni iya hango abin da mai saye zai yi shakka a kai.

Maman Ihsan Gezawa: Kafin a watse, wa ke da lalle da ya yi ƙwari? Ina neman ashirin, nawa sun ƙare kuma an riga an ba ni kuɗi.

Na-Kazaure: Akwai Hajiya, amma Gezawa ta yi min nisa. In akwai mai zuwa kasuwar Dambatta ran Lahadi a wajenku, sai in kawo can.

Maman Ihsan Gezawa: Bari in tambayi Baban Ihsan in ya dawo daga masallaci. Turo min hotonsu tukuna, da saiwar.